Sallahun da Malam Sabi'u Bai Isar Ba

Shekara biyu ke nan da muka kai Malam Sabi'u makwancinsa a maƙabartar Mesaimeer. Mu bakwai ne a kan gawar, har da direban motar asibiti, kowa da takunkumi a fuska, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara kamar masu gaba. Mutumin da in a garinmu Azare ya rasu sai an tare hanya saboda jama'a, shi ne aka sallata da sahun da bai cika ba. Yau kuwa da nake wannan rubutu Doha ta cika ta batse. Gasar cin kofin duniya ake yi, tuta a kowace sandar fitila, baƙi na rungumar juna a tashar jirgin ƙasa kamar ba a taɓa hana musafaha a garin nan ba. Tun da wuri bari in faɗa muku cewa ba Sabi'u ne sunansa na yanka ba, kuma duk sunan mutum da za ku gani a nan na aro ne, har da nawa.

Zaure ɗaya muka yi karatun littattafai da shi. Ya girme ni da shekara huɗu, ya kuma fi ni Larabci nesa ba kusa ba. Shi ya fara zuwa ƙasar nan, shi ya nemo mini aiki a wani kamfanin masu gadi, inda nake rubuta jadawalin wanda zai tsaya a wace ƙofa. Shi kuwa tafinta ne a wata ma'aikatar gwamnati da ke kula da lafiyar baƙi 'yan ƙwadago. Mutum ne mai bin ƙa'ida har ya ba ka haushi. Da tsakar rana, a zafin nan na Doha da ke narka takalmi, sai ya tsaya a bakin titi yana jiran fitila ta ba shi hannu alhali ko keke babu a hanya. Ni in na tsallaka sai in tsaya a inuwa ina masa dariya, ina kiransa Alƙali. Bai taɓa jin haushin sunan ba, ina ma zaton daɗinsa yake ji.

Ranar da ya kama aikin nan sun ba shi wata takarda ya sa hannu. Shafi huɗu ce, amma gundarinta bai wuce magana uku ba. Abin da ya ji ko ya gani a bakin aiki ba zai faɗa wa kowa ba. Duk rubutun da zai yi da ya taɓa aikin, ko na jarida ko na littafi, sai ya miƙa shi ga wani kwamiti ya duba kafin ya fita, tare da duk wani kwafi da ke hannunsa. Sannan sharaɗin ba ya faɗuwa don mutum ya bar aiki ko ya bar ƙasar. Da ya ba ni labari ko a jikinsa, cewa ya yi ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni ma a lokacin ban ga aibun abin ba, kuma har yau ban ce babu hikima a cikinsa ba. Wanda ya kwance wa likita sirrinsa ya cancanci a rufa masa asiri, bai kamata tafinta ya kai ciwonsa majalisar masu shayi ba.

Sai korona ta zo. Waɗanda suke garin nan a lokacin ba sa buƙatar in tuna musu. Masallatai a rufe, ladan na cewa a yi salla a gida, ba ka shiga ko kantin burodi sai ka nuna manhajar lafiya ta wayarka ta yi kore. Mutanenmu kuwa ba masu zaman gida ba ne. Masu gadi ne da direbobi da masu shara, 'yan Arewa da 'yan Zangon Ghana, mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya. Cutar ta shiga cikinsu. Sabi'u ya gaya mini wani abu da ba sirri ba ne, kowane tafinta ya san shi: idan numfashi ya yi wa mutum wuya, ɗan Turancin aiki da ɗan Larabcin kasuwa da ya tsinta duk guduwa suke yi, sai harshen da ya sha a nono ya rage. Saboda haka aka riƙa sa masa rigar kariya ana shigar da shi ɗakin da ko 'yan'uwan jini ba sa shiga, ya tsaya tsakanin likita da marar lafiya.

Likita zai yi tambayoyinsa ya wuce gado na gaba. Marar lafiyar kuwa da ya ji Hausa daga cikin rigar ledar nan sai ya riƙe hannun Sabi'u ya ba shi sallahu. Kowane Bahaushe ya san nauyin sallahu. Ko na daddawa ne aka ba ka a tasha ba ka da sukuni sai ka isar, balle na mutumin da yake jin ƙila ba zai tashi ba. Ba a shiga ɗakin da waya ko takarda, don haka haddacewa yake yi kamar yadda muka haddace baitoci a zaure. Bayan sallar asuba, a ɗakinsa na unguwar Ain Khaled, sai ya zauna ya rubuta da ajami a littafin 'yan makaranta. Waɗanda suka warke yakan soke nasu, tunda sun samu bakin faɗa da kansu. Na waɗanda ba su tashi ba ya cika littafi uku.

Matsalar ita ce sunan mutum da garinsu kawai yake da su. Lambar waya da adireshi suna cikin fayil, fayil kuma ba hurumin tafinta ba ne. Shi ya sa ya yanke shawarar a buga saƙonnin a jarida a gida, a karanta a rediyo kamar cigiya, kowa ya ji nasa ya ɗauka. Wata Juma'a da la'asar ya nuna mini littattafan daga nesa, ni ina cikin mota shi yana tsaye a ƙofar gidansu, ya ce ranar Lahadi, da ake buɗe ofis a nan, zai kai wa kwamiti.

Na ce, "Malam, ka ɗauki hotonsu a waya tukuna. Ko ka ba ni in ajiye, ba wanda zai sani."

Ya ce, "Mamman, in na ɓoye kwafi sannan na ce musu ga shi duka, me na kai musu ke nan? Ƙarya. Da ƙarya zan isar da amanar matattu?"

Na ce masa waɗannan ba malaman zaure ba ne. Don na lura yadda ya ɗauki abin ke nan, kamar ɗalibi ya kai wa malaminsa rubutu, a gyara masa wasali, a sa masa albarka, a miƙo masa abinsa. Ya yi dariya ya ce alƙawari kaya ne, kuma shi biyu ya ɗauka, na hukuma da na mamata, ba zai ya da ɗaya don ya ji daɗin ɗaukar ɗaya ba.

Shugaban sashensu, wanda suke kira mudir, ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya karɓi littattafan hannu biyu, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Da ya buɗe ya ga haruffan Larabci sai ya fara karantawa a fili, ya kai layi uku bai fahimci kalma ɗaya ba. Kwamiti ba zai duba abin da bai ji ba, sai an fassara. Mai jin Hausa ɗaya ne a duk ma'aikatar, shi ne marubucin, ƙa'ida kuma ta hana mutum ya fassara wa kwamiti rubutun kansa. Ɗan waje ba zai gani ba, tunda bai sa hannu a takarda ba. Aka sa littattafan a durowa aka kulle, aka ce sai an samu tafinta na biyu. Kowace Lahadi Sabi'u ya je ya tambaya, kowace Lahadi a ce masa bukra, wato gobe, insha Allahu. Yana cikin wannan zirga-zirga cutar da ya yi wata da watanni yana shiga ɗakinta ta kama shi.

Shi bai buƙaci tafinta ba, da Larabcinsa ya yi wa likitoci bayani har ƙarshe. Sau ɗaya ya kira ni kafin a sa masa na'urar numfashi. Na zaci maganar iyalinsa zai yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Littattafan nan, Mamman." Sai tari ya ci ƙarfinsa.

Bayan sadakar bakwai wata mata ta kira ni daga Zangon Kumasi. Zan kira ta Adiza. Mijinta Isiyaka mai gadi ne a wani rukunin gidaje a unguwar Al Gharrafa, ya je hutu gida gab da a rufe iyakoki, ya dawo ya bar ta da ciki, cutar ta ɗauke shi tsakiyar bazara. Abokin ɗakinsa ne ya gaya mata cewa akwai malamin da ke shiga wurin marasa lafiya, ya rasu shi ma, amma ga lambar amininsa. Da Hausarta ta Zango ta ce, "Malam, ni ba na neman komai. Ina so in sani ko ya bar wani magana. Cikin nan ya kai wata tara." Na ce mata ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Sannan na ƙara abin da har yau nake da-na-sanin faɗarsa. Na ce in Allah ya sa na ji wani abu, ita ce farkon wadda za ta ji.

A makon ne ma'aikatar ta aiko nemana, don kujerar tafinta ba ta zama babu kowa a irin wannan lokaci. Mudir ya ajiye mini takardar nan mai shafi huɗu. Na karanta ta sau biyu. Na san abin da ke cikinta, ba wanda ya yaudare ni. Amma na ga cewa ita ce kaɗai makullin durowar, kuma na ce wa kaina ina shiga zan fassara, kwamiti ya gani, a sake su. Na sa hannu. Kafin wannan rana ina da baki amma ban san komai ba. Daga ranar na san komai.

Kwana tara na yi ina fassarawa, a ofis, a gaban wani ma'aikaci da ke karɓe littattafan idan na tashi salla. Ba zan faɗi abin da ke ciki ba, sai dai in ce ba zagin kowa a ciki, ba tonon asirin asibiti, ba ko kalma ɗaya da za ta girgiza gwamnati. Maganganu ne irin na mutumin da ke sallama da gida. Shaiɗan ya raɗa mini cewa tunda ba mai jin Hausa sai ni, in juya abin ya zama littafin addu'o'i, su sa hatimi in fita da shi. Na ɗauki alƙalami da wannan niyya, sai na ga rubutun Sabi'u, yadda yake zagaye kowane wasali kamar mai rubuta allon zayyana, na kasa. Na fassara yadda yake, kalma da kalma. Wani lokaci ina ganin wannan ne aikin kirki ɗaya da na yi a duk lamarin, wani lokaci kuma ina ganin shi ne babbar wautata.

A littafi na biyu na iske Isiyaka. Layi uku ne. Suna ya raɗa wa abin da ke cikin matarsa. Suna ɗaya tak ya bayar, na mace, kamar wanda aka nuna wa.

Na je wurin mudir na ce kalma ɗaya nake roƙo, suna ne kawai, mace na gab da haihuwa. Ya saurare ni sosai, har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce in rubuta takarda zai sa ta a saman fayil. Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa mutum uku ne suka ga shafin nan, kuma ɗaya daga cikinsu yana kabari. Adiza ta haihu bayan kwana biyar. Mace. Ta aiko mini da saƙon murya tana sanar da ni, ta ce suna ranar Talata, ko na ji wani abu? Na saurari saƙon ya fi sau goma a cikin kwana shidan nan. Na amsa da barka da arziki da addu'a. Ranar Talata wan mijinta ya raɗa wa yarinya Maryama.

Amsar kwamiti ta zo bayan wata huɗu. Fassarata ce aka dawo da ita, an bi ta da baƙin alƙalami layi bayan layi, ba abin da ya tsira sai bisimilla a farko da addu'ar da Sabi'u ya rufe da ita. Suka ce abin da marar lafiya ya faɗa a gadon asibiti sirrinsa ne, ba a bugawa sai da izininsa. Masu izinin kuwa duk suna Mesaimeer a kwance. Na tambaya ko za a ba iyalansu kai tsaye. Aka ce littattafan ba takardun hukuma ba ne balle a bayar da su, tunda ba wanda ya sa shi rubutawa, kuma ba nasa ba ne balle a mayar wa magadansa, tunda a bakin aiki ya ji. Mudir ya rufe fayil ya ce khalas, wato magana ta ƙare.

Na san abin da mai karatu ke cewa a ransa, don ni ma na faɗa wa kaina. Suna ne fa, ka ɗauki waya ka faɗa mata mana. Amsata ba ta da kyau, amma ita ce gaskiya: tsoro nake ji. Wani tafinta na wani harshe da muke ofis ɗaya ya tura wa ɗan garinsu wani abu da bai kai wannan ba, saƙon ya yi yawo a waya har ya dawo, cikin mako guda aka raka shi filin jirgi da iyalinsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Takardar zaman matata da 'ya'yana uku a jikin tawa take rataye. Saƙon murya kuwa a Zango ba ya kwana a waya ɗaya, kafin azahar duk dangi sun ji cewa tafintan Doha ya aiko da wasiyya, sauran matan da suka rasa mazajensu su ma su fara kira, kuma suna da gaskiya. Na auna duk wannan na zaɓi 'ya'yana a kan 'yar Isiyaka. Ba na neman a ce na kyauta.

Ina yawan tunanin abin da Sabi'u zai ce da ya ga Dohar yau. Ƙwallo ba ta dame shi ba, amma da ya sha tsiya a wurin 'yan Zango, tunda Ghana ta zo mu ba mu zo ba, kuma su suka tare mana hanya. Masu gadin da ya tsaya a kansu suna fama da numfashi, waɗanda Allah ya tayar, ga su nan yau da riguna masu ƙyalli suna nuna wa baƙi hanya, suna yalla yalla, wato maza-maza. Wannan zai faranta masa rai. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne 'yan jaridar da suka cika gari. Ba a taɓa yin magana a kan 'yan ƙwadagon ƙasar nan kamar yanzu ba. Masu suka na jefa adadi, masu karewa na mayar da adadi, kowa da harshensa, amma ban ji wanda ya san abin da mutum ɗaya daga cikinsu ya ce a gaya wa matarsa ba. Shekaranjiya wani Bature ya tare ni a wata babbar kasuwa a Al Gharrafa da abin ɗaukar magana a hannu, ya tambaye ni yaya rayuwar ɗan Afirka a nan. Littafi uku ne a kaina. Na ce masa alhamdu lillahi, na wuce.

Kada wani ya ce wannan halin ƙasar Larabawa ne. A gida ma ma'aikacin gwamnati rantsuwar riƙe sirri yake yi, kuma na san tsofaffi a garinmu da suka shiga kabari da abin da ya kamata a ce jama'a sun sani. Sabi'u ya yarda cewa idan ka bi ƙofa za a buɗe maka. Ni yanzu na ga yadda ƙofar take. Ba wanda ya ce masa a'a yana raye, jira kawai aka sa shi. Kuma ba sai an sa mai gadi a kanka ba. Wannan rubutun ban kai wa kwamiti ba, shi ne iyakar jarumtata, amma kafin in aiko wa edita na bi shi da kaina na cire duk abin da na san za su cire. Na canza sunaye, na ɓoye sunan ma'aikatar, na zaɓi jaridar da na san ba ta kaiwa Kumasi. Baƙin alƙalamin nan yanzu a hannuna yake, kuma na fi su iya aiki da shi, don ni ina jin Hausa.

To me ya rage na Malam Sabi'u bayan shekara biyu? Matarsa ta koma Azare da yara. Kabarinsa lamba ce a jikin ɗan dutse. Littattafansa uku suna cikin durowa, taku biyar daga teburina, ina wuce su kullum in zan je alwala. Sai kuma ni. Wanda ya fassara abu kalma da kalma ya haddace shi ko bai so ba, don haka ni ne kwafin da ya ƙi ɗauka a waya, kuma ni ma a kulle nake. Ran da aka kai ni inda aka kai shi, shi ke nan. Ya rasu bai karya alƙawari ko ɗaya ba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ni da na gaje shi na riƙe na hukuma na saki na mamata.

Adiza ta daina tambayata tun bara. Gaisuwa kawai take aikowa, da salla ko da azumi. Ranar da Ghana ta buga wasanta na farko ta aiko da saƙon murya, ana ta hayaniya a bayanta, ta ce yarinya ta fara magana, bari ta gaishe da abokin babanta. Na ji tana cewa, "Faɗa wa Malam sunanki." Wata 'yar murya ta ce, "Mayyama."

Ina cikin mota a bakin ofis, gilashi a rufe, ba kowa kusa. Na danna wurin ɗaukar murya na riƙe. Ɗayan sunan yana kan harshena, gaɓa uku ne kacal, ko daƙiƙa biyu ba zai ci ba. Na daɗe a haka ina kallon lambobin daƙiƙa suna tafiya.

Na ce, "Allah ya raya Maryama."